Yadda aka yi wa mahaifinmu aikin dajin baki, daga yankar kati zuwa gashi

Tun da aka yi wa mahaifinmu aikin dajin baki a shekarar 2023, da wuya a yi wata biyu wani bai yi sallama da ni a ƙofar gida ko ya kira ni a waya ba, ya ce an ba shi lambata ne saboda nasu ma likita ya ce sai an yi aiki. Bayan gaisuwa da ya mai jiki, tambayar ɗaya ce kullum, kuma da ƙaramar murya ake yin ta: "Malam, ana tashi kuwa?" Ni ma ita ce ta hana ni barci wata uku, na rasa wanda zai zaunar da ni ya warware min. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda tamu ta kasance daki-daki. Ni malamin firamare ne, abin da idona ya gani da abin da likitoci suka gaya min shi zan faɗa.

Baba yana da shekara 67 a lokacin, manomi ne, yana kuma kai hatsi kasuwar Dawanau. Ya fi shekara 40 yana dunƙula garin taba da kanwa a kuncinsa na hagu, kuma a daidai wurin ciwon ya fito. Da kakar 2022 wani ɗan gyambo ya bayyana a dasashinsa na ƙasa, turmin da ke kusa ya fara girgiɗi. Aka je kemis, aka sha maganin kashe ciwo, aka yi ta kurkure da ruwan gishiri. Daga baya aka cire haƙorin a wani ƙaramin asibiti, amma ramin ya ƙi rufewa, sai faɗi yake, bakinsa ya fara wari. Sai kaluluwa ta fito masa a ƙarƙashin muƙamuƙi, mai tauri kamar gujiya, ba ta ciwo ko kaɗan, rashin ciwon nan kuwa shi ya yaudare mu. Ranar da wata gwaggonmu ta leƙa bakin ta ce wannan daji ne, sai gida ya ɗauka da magana ɗaya: daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa shi ke nan. Aka koma jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Ni ne ɗan fari, na san ya kamata in tsaya in ce a tafi asibiti, amma nauyin manya ya rufe min baki har wata huɗu. Wannan jinkirin namu ne, kuma har yau yana cina.

A watan Janairun 2023 na kai shi wurin likitan haƙori a babban asibitin jiharmu. Tana haska bakin ta ajiye fitila ta rubuta mana takardar turawa zuwa wani asibitin koyarwa, tafiyar awa uku daga garinmu, sashen tiyatar baki da muƙamuƙi. Ku riƙe wannan takarda da kyau, domin ita ake fara tambaya a wurin yankar kati. Mun isa ranar Laraba, aka buɗe fayil, sai muka ji ashe sashen yana da ranakun da yake ganin sababbin marasa lafiya, dole muka koma gida muka dawo Litinin. Da na tambayi wani tun farko da mun huta da kuɗin mota. Lokacin kuma ana tsakiyar wahalar takardun kuɗi ta canjin naira, tiransifa ba ta tafiya, na yini a layin masu POS kafin in samu naira 35,000 na yankar ɗan nama daga gyambon a kai ɗakin gwaji. Aikin bai wuce minti 20 ba, allurar kashe zafi kawai aka yi masa. Jiran sakamakon ne ya ci mako uku. Da ya fito likitan ya ce dajin fatar cikin baki ne, irin wanda ya fi yawa a baki, kuma taba ce kan gaba wajen kawo shi, ta sha ko ta tsotsa.

Daga nan sai hoton CT na kai da wuya, naira 70,000, da hoton ƙirji, da gwajin jini iri-iri. Hoton ya nuna ciwon ya ci ƙashin muƙamuƙi. Na ji wani ƙaramin likita yana cewa mataki na huɗu, ƙafafuna suka mutu, na fita bayan ɗakin na zauna a kan dakali ina hawaye, don ni a sanina mataki na huɗu sallama ce. Babban likitan ne ya aiko aka kira ni. Ya ce a dajin baki, da zarar ciwo ya huda ƙashi ana lissafa shi a mataki na huɗu ko da bai je ko'ina ba, kuma na Baba bai kai huhu ba, saboda haka aikin da za a yi na neman warkewa ne.

Zaman da ya fi kowanne nauyi shi ne wanda aka yi da mu a farkon Maris, ni da Baba da ƙaninsa, Baffa. Likita ya zana muƙamuƙi a bayan takarda ya nuna mana: za a yanke ɓangaren hagu na ƙashin tare da naman da ke kewaye, a kwashe kaluluwar wuya ta wannan gefe, a huda maƙogwaro a sa bututun numfashi saboda kumburi, a sa robar hanci ta abinci. Ramin da zai rage ba ya ɗinkuwa, sai an ɗebo nama daga wani wuri a jiki an cike. Hanya biyu ya faɗa. Ta farko a yanko siririn ƙashin ƙwauri da fatarsa da jijiyoyin jininsa, a dasa a baki, a ɗinke jijiyoyin da na wuya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ta fi kyau a fuska da tauna, amma aikin yakan ci awa goma ko fiye. Ta biyu a sa farantin ƙarfen titaniyom a madadin ƙashi, a ɗago tsokar ƙirji da fatarta ba tare da an tsinke jijiyarta ba, a bi da ita ta ƙarƙashin fatar wuya a rufe wurin, dabarar da ya ce ana yin ta tun 1979. Baffa na ta tambayar yadda fuska za ta koma. Ni kuwa na daure na ce, "Ranka ya daɗe, ka gafarce ni, mutum nawa ke mutuwa a wannan aikin?"

Bai ji haushi ba, ya ma gyara zama. Ya ce a manyan asibitocin duniya, cikin mutum 100 da aka yi wa irin wannan babban aiki, ɗaya zuwa biyu ne ke rasuwa a cikin kwana 30 na farko, amma wannan lissafin jimla ne, an haɗa saurayi mai ƙarfi da tsoho mai suga, kuma na Baba ya fi haka. Sannan ya faɗi abin da ya juya min tunani gaba ɗaya: a kan gadon tiyata ba a cika rasa mutum ba, kwanakin da ke biyo baya su ne abin tsoro, kuma abin da ke kashewa yawanci ciwon huhu ne, ko zuciya, ko gudan jini ya toshe jijiyar huhu, ko ƙwayar cuta ta shiga jini, ko bututun numfashi ya toshe, ko jijiya ta ɓalle a wuya. Wanda ya shiga a rame, jininsa ƙasa, sugansa sama, shi ya fi shiga haɗari. Idan kuma an bar ciwon, ya ce, ƙarshensa sananne ne, da yunwa da zubar jini da raɗaɗi. Baba ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Likita, rai na Allah ne, amma ya ce mu nemi magani. A yi."

Mun ɗauka mako mai zuwa za a shiga da shi, sai likitar sa barci ta taka burki. Ta auna shi, kilo 52, mutumin da ya kai 61 da damina. Ta ce wanda ya zubar da fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a wata shida ba a gaggawar kai shi dogon aiki. Jininsa ya yi ƙasa, sinadarin albumin da ke nuna ƙoshin jiki ya gaza 3.5, ga suga da hawan jini da ba mu ma san yana da su ba. Ta sa aka yi masa awon zuciya, ta ce a ma'aunin da suke amfani da shi yana aji na uku, wato mai ciwo mai nauyi a jiki ban da wanda za a yi wa aiki. Saboda wannan, da kuma raunin jijiyoyin ƙafarsa, aka ajiye maganar ƙashin ƙwauri aka zaɓi tsokar ƙirji, don a rage awannin da zai yi a sume. A ranar na ji zafin ɗagewar ƙwarai, ina ganin ciwo na ci ana ce mana mu je mu ci abinci. Yanzu ina ganin makonnin nan su suka tsallakar da shi, da ikon Allah.

Ana haka azumi ya kama, ranar 23 ga Maris, Baba ya ce shi tun balagarsa bai taɓa sha ba. Ba mai iya ja da shi a gidan. Sai na je na sami limamin unguwarmu, abokinsa tun ƙuruciya, ya zo bayan la'asar ya karanta masa ayar Baƙara da ta yi wa mara lafiya rangwame, ya ce masa, "Malam, ramuwa na nan tana jiranka, ka bari ka samu ran da za ka rama da shi." Ya sauko. Inna ta ɗauki aikin ciyarwa kamar farilla: kunun gyaɗa da madara ba sukari, dafaffen ƙwai a dame, hanta da kifi a markaɗe, alalen wake mai laushi, sau shida a rana kaɗan-kaɗan, ga allurar insulin safe da yamma. Tabar kuwa ranar da ya ji sakamako ya miƙa wa Inna batta ya ce ta zuba a masai. Aka koya masa jan dogon numfashi da tari, muna zagaya gida da shi kullum bayan asuba. Bayan ƙaramar salla ya koma kilo 55.

Kuɗi kuma wani yaƙin ne. Na ji labarin asusun tallafin masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, na je na tambaya, ashe a lokacin dajin nono da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza kawai ya ƙunsa. Baba kuma ba shi da inshora. Farantin ƙarfe da kusoshinsa naira 350,000, mu muka saya daga wurin dillali da takardar likita. Kuɗin aiki 600,000. Aka ce a ajiye na kwana uku na ɗakin kulawa ta musamman, wanda kowa ke kira ICU. Ga jini leda huɗu, wanda ni da ƙannena biyu da wani ɗalibina na da muka bayar. Muka sayar da shanun huɗa biyu da buhunan gero, 'yan kasuwa abokan Baba suka yi karo-karo. Sashen walwalar marasa lafiya na asibitin ya rage mana kuɗin gado bayan na rubuta takardar roƙo. Farashin yau ya wuce wannan nesa, na kawo ne don a san girman abin.

An kwantar da shi kwana uku kafin aiki. Takardar amincewa da Turanci take, na roƙi a karanta masa da Hausa layi-layi kafin ya dangwala, aka yi. Daren ƙarshe ya yafuto ni. Baba bai taɓa kiran sunana ba saboda alkunyar ɗan fari, "kai" kawai yake cewa. Ya ce, "Kai, ɗauko biro." Ya lissafa wanda yake bi da wanda ke binsa, har mudu shida na dawa da ya ranta a wurin maƙwabci. Ya ce in yafe masa. Na kasa amsawa, sai kai na ɗaga.

Ranar Talata 9 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe aka tura shi, bai fito ba sai bayan la'asar. A tsakani sau biyu aka leƙo aka miƙo takardar sayo abu, saboda haka kada mai kuɗi a hannu ya yi nisa da ƙofa. Da aka bar ni na shiga ICU ban gane shi ba. Fuska ta kumbura kamar ƙwarya, ɗinki daga leɓe har wuya, wani a ƙirji, robobi biyu na tsotse jini, bututu a maƙogwaro, inji na ƙara. Na gargaɗi Inna kada ta shiga sai washegari. Wata nas ta ce min, "Malam, kumburin nan na kwanaki ne, kar ya firgita ka." Gaskiya ta faɗa, amma da tun kafin aiki aka gaya min da na shirya zuciyata.

Kwana uku ya yi a can aka mai da shi ɗaki. Likitoci na zuwa su haska naman da aka dasa, su danna su ga ko jini na dawowa. Ja-ja da ɗumi shi ake so, in ya yi fari fat ko ya yi duhu to akwai matsala. Aka hana mu ɗaure masa komai a wuya, ko igiyar bututun sai yatsa ya iya shiga ƙarƙashinta, don kar a danne jijiyar da ke ciyar da naman. Ba ya iya magana, iska ba ta bi ta makoshi, sai muka ba shi allo da alli yana rubutu da ajami, da cokali da kwano ya buga in yana son mu. Nas biyu ne a kan gadaje sama da 20 da dare, suna iya bakin ƙoƙarinsu, amma idon da ke kan mara lafiya kowane minti na mai jinya ne. Sista babba ta koya mana yadda ake zare ƙaramin bututun ciki a wanke in kaki ya daskare, da alamun toshewa. Dare na biyar, wajen ƙarfe uku, na ji kwano ya faɗi. Na haska waya na ga ƙirjin Baba na ɗagawa da ƙarfi amma ba sautin iska, idanunsa sun firfito, leɓensa ya fara duhu. Na ƙwala wa Sista kira, hannuna na rawa na murɗa bututun ciki na zare, ya fito da dunƙulen kaki busasshe kamar ƙaro. Iska ta shiga da wani irin fito da ba zan manta ba. Sista ta iso da injin tsotsa ta ƙarasa. Duka abin bai kai minti biyu ba. Da barci ya ɗauke ni a lokacin, ban san abin da zan ce wa Inna ba.

A gadon da ke kallon namu akwai wani dattijo da aka yi wa aikin maƙogwaro kwana biyu kafin Baba. Ɗansa, wanda muka saba da shi har muna cin abinci kwano ɗaya, ya gaya min sun shekara biyu suna yawon magani kafin su zo, tsohon ya rame sai ƙashi. Aikinsa ya yi kyau, kowa na murna. A kwana na tara zazzaɓi ya rufe shi, aka mai da shi ICU, bayan kwana biyu aka naɗe katifarsa. Allah ya jiƙansa. A ranar na gane maganar da likita ya yi min a Maris.

Mu ma ciwon huhun bai bar mu ba. Kwana na bakwai jikin Baba ya yi zafi, numfashi ya ƙaru, kakin ya koma ruwan ɗorawa. Na faɗa tun da asuba, aka yi hoto, aka sauya masa allurai masu tsada, kusan naira 25,000 a rana har kwana bakwai, aka sa masa oksijin. Mai gashin ƙashi na zuwa yana bubbuga masa baya, kuma ko yana ƙi sai mun zaunar da shi mun taka da shi zuwa ƙofa, don kwanciya ita ke tara kaki da gudan jini. Abincin roba kuwa sai yana zaune, a hankali da sirinji, ya ƙara rabin awa kafin ya kwanta, don kar ya koma huhu. Wani gefen ɗinkin wuya ya buɗe yana yoyon miyau, aka yi ta wanki har ya rufe da kansa. A kwana na 18 aka cire bututun maƙogwaro. Ya danne wurin da yatsa, kalmar farko da ta fito, a shaƙe, ita ce "Alhamdu lillahi." Ranar 5 ga Yuni aka sallame mu, kwana 27 da aiki, daidai lokacin da cire tallafin mai ya ninka kuɗin mota.

Sakamakon naman da aka cire ya nuna an yanke ciwon da tazara, amma kaluluwa biyu na ɗauke da shi, ga ƙashi da ya ci, don haka sai an yi gashi, wato ƙona ragowar ciwon da hasken inji, kemo kuwa, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, aka ce ba ya buƙata. Likita ya ce an fi so a fara cikin mako shida da aiki. Nan na yi kuskure na biyu: ban fara neman layi ba sai bayan sallama. Injinan gashi kaɗan ne a ƙasar nan. Na kira wuri uku, ɗaya ana gyara, ɗaya layin ya kai wata uku, a Abuja muka samu, muka fara a mako na goma. Kafin nan aka cire masa ruɓaɓɓun haƙora, domin cire haƙori bayan gashi na iya ruɓar da ƙashi. Aka yi masa abin rufe fuska na roba daidai kansa, zama 30, Litinin zuwa Juma'a, mako shida, kowane zama 'yan mintuna. Daga mako na uku baki ya yi gyambo, miyau ya ƙafe, wuya ya yi baƙi, muka koma robar hanci. Da masauki da mota da gashin, jimlar abin da muka kashe tun daga kati ya haura naira miliyan uku.

Ga masu kirana abin da nake fara cewa shi ne gyambon baki da ya wuce mako uku bai warke ba, ko kullutu a wuya, ko dushewar murya da ta ƙi tafiya, a kai wa likita ya gani, kuma yankar nama don gwaji ba ta watsa daji. Abin da muka gani da idonmu shi ne jira ya watsa shi. Sannan a tambayi likita maganar mutuwa kai tsaye, a ce na wannan mara lafiyar nawa ne, me zai rage shi. Ba rashin tawakkali ba ne, kuma amsar ita za ta nuna maka inda za ka sa ƙarfinka. Idan an ɗaga aiki don a gina jiki, a ɗauki ciyarwa da saita suga da barin taba a matsayin rabin aikin. A tambaya ko akwai gadon ICU a ajiye kafin a shiga. A tanadi masu jinya uku aƙalla da za su riƙa karɓeɓeniya, don a samu ido biyu a kansa dare da rana a mako biyun farko, kuma kowannensu ya koyi sha'anin bututu da hannunsa a gaban nas. Zazzaɓi, saurin numfashi, ruɗewa, jini ko kumburin wuya farat ɗaya, kumburin ƙafa ɗaya, ba a jira zagayen safe da su. Kowace takarda a yi mata kwafi biyu a ɗauke ta a waya, a ajiye kuɗin ko-ta-kwana ban da na aiki, maganar gashi kuma a fara ta tun ranar da aka sa ranar tiyata.

Baba na nan. Haɓarsa ta karkata hagu, yana rufe ta da rawani, magana na fita a ɗan tauye amma ana ganewa. Nama sai an daka masa, tuwo sai da miya mai yawa, gorar ruwa ba ta rabuwa da aljihunsa saboda bushewar baki. Muna komawa asibiti a duba shi a kai a kai, domin an ce shekara biyun farko ne ciwon ya fi dawowa, kuma duk ranar komawa ba na iya karyawa sai likita ya gama lalube wuyansa ya ajiye fitila. Azumin da ya sha ya rama shi da sanyin hunturu, kwana ɗai-ɗai, bayan likita ya yarje masa, yana yi yana jan layi da alli a allon nan da ya yi magana da shi a asibiti.